Waƙar Daɓen da Ta Ƙi Mutuwa

Ajin matan aure na Unguwar Kawu, a mazaɓar Zurgu ta ƙasar Rano, tun kafuwarsa a aro yake zaune. Zauren Alhaji Shitu ne, wanda ya ba da shi da zuciya ɗaya, ya kuma nemi abinsa da zuciya ɗaya, domin ya sami dillancin takin zamani kuma buhunan ba su da inda za su fake idan damina ta faɗi. Malama Ramlatu, wadda ta kafa ajin a ƙarƙashin wata ƙaramar ƙungiyar mata, ba ta ga laifinsa ba. Abin da ya hana ta sukuni shi ne ta san mazan garin. Sun yarda matansu su fita koyon karatu ne saboda akwai bango da ƙofa. Ranar da aka ce a gindin bishiya za a zauna, kowa zai riƙe matarsa a gida, kuma ajin da ya yi irin wannan watsewa ba ya sake haɗuwa.

Ta sha kai kukanta gaban Mai'unguwa Mato a kan a yi gayya a gina wa ajin ɗaki, ko da na ƙasa ne. Amsarsa ba ta sauyawa. Makaranta, in ji shi, aikin gwamnati ce, kuma da bulo da kwano ake yinta. Idan suka tayar da ginin ƙasa suka kira shi makaranta, mutanen Lausu, maƙwabtansu, za su yi ta yi musu dariya har jikoki.

Ana cikin haka ƙanin mijinta, Munzali, ya iso daga Rano a kan babur, bakinsa ya ƙi rufuwa don albishir. Yana da shagon kwamfuta kusa da tasha, inda yake buga wa mutane takardun neman aiki, kuma ya daɗe yana ɗaukar kansa masanin hanyoyin tallafi, ko da yake babu wanda ya taɓa samun ko allura ta hannunsa.

"Matar Yaya, kukanki ya ƙare," ya ce tun kafin ya kafe babur ɗin. "Akwai wata gidauniya a Abuja da ke ba makarantu da ƙananan ƙungiyoyi tallafi. Ba na rijiya ba, ba na magani ba. Na tarihi da harshe da al'ada."

"Ni ɗaki nake nema, Munzali, ba tarihi ba."

"Ai ɗakin yana cikin tarihin. Idan suka amince, suna gina abin da suke kira ɗakin adana tarihi, da bulo da kwano. Da safe tarihi ya zauna a ciki, da la'asar matanki su zauna. Sharaɗinsu ɗaya ne, sai kin nuna musu al'adar da ke bakin mutuwa. Ba sa taimakon mai lafiya."

Malama Ramlatu ta auna maganar. Ba ta ga haramci a adana abin da kakanni suka bari ba. Sai ta tuna da waƙar daɓe. A zamanin da siminti bai shigo ba, idan aka gina sabon ɗaki mata ne suke taruwa su shimfiɗa jar ƙasa da tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, su durƙusa suna bugun ƙasar da madaɓai na itace har ta kwanta ta yi sulɓi. Mace ɗaya ke ba da waƙa, sauran suna amsawa, madaɓai suna sauka tare. Rabon da a yi daɓe a Unguwar Kawu tun ita Ramlatu tana yarinya. Mai ba da waƙar a wancan zamani, Iya Talatu, tana nan da ranta, sai kuma 'yan tsofaffi kaɗan da suke tuna amshi.

Haka ta gaya wa Munzali, ba ƙari. Amma da ya dawo ya karanta mata abin da ya rubuta, sai ta ji an ce a duk faɗin ƙasar Rano da Kibiya mace ɗaya tak ta rage da ta san waƙar, kuma ita ma tana kwance rai a hannun Allah.

"Subhanallahi! Iya Talatu da na gani jiya tana korar akuya da gudu? Gwaggo Saudat fa, da sauran masu amshi?"

"Amshi ba waƙa ba ne, Matar Yaya. Ko ni in aka matsa mini zan yi amshi. Kuma mutanen nan, in kika ce da saura da yawa, sai su ce ashe da sauran lokaci, su ba wanda nasa ya fi kusa da kabari."

"A gyara."

"Ya riga ya tafi. Abin intanet ba ya dawowa."

Ta yi istigfari, ta ƙudura a ranta cewa ita dai bakinta ba zai maimaita wannan magana ba.

Ba a jima ba amsa ta zo. Gidauniyar ta ce labarin ya taɓa ta matuƙa, kuma kafin ta yanke hukunci za ta turo jami'arta ta ga tsohuwar da idonta, ta ɗauki waƙar a na'ura, tun da sauran numfashi. Munzali da Malama Ramlatu suka tafi gidan Iya Talatu. Suka same ta tana faskaren itace.

"Iya, baƙuwa za ta zo daga Abuja ta ji waƙar daɓe," in ji Munzali bayan gaisuwa. "A kan tabarma za ki zauna ki rera, ita kuma ta ɗauka."

Tsohuwar ta ajiye gatari. Tun yana ƙarami take kiran Munzali maigidanta, irin wasan kaka da jika.

"A zaune? Waƙar daɓe a zaune? Kai maigidana, wace makaranta ce ta lalata ka? In hannu bai sauka ba, baki ba ya tashi."

"To a share miki fili a ƙofar gida, ki buga."

"Fili? Na yi maka kama da mai daɓe wa awaki? Ɗaki ake daɓewa. Sabon ɗaki, wanda ba a taɓa kwana a ciki ba."

"Iya, ai gwaji ne kawai. A tayar da ɗan bango iya gwiwa ya isa."

"Da rufinsa. In hadari ya taso ya wanke mini aiki, kai za ka sake bugawa? Da wannan hannun naka mai laushi kamar na amarya?"

Duk yadda suka ɓullo mata, ba ta rage ko azara ɗaya ba. Da za su tafi ne ta tambayi dalilin da ya sa Abuja ta zaɓe ta. Munzali ya gaya mata cewa a rubuce yake ita ce ta ƙarshe a duniya. Tsohuwar ta gyara ɗaurin kallabinta.

"Na daɗe ina zargin haka," ta ce.

Munzali ya kai maganar ɗakin gaban Mai'unguwa Mato, cikin taka-tsantsan, don ya san ra'ayinsa a kan ginin ƙasa. Ya yi bayanin cewa wannan ba makaranta ba ce, ɗakin nuna wa baƙuwa tarihi ne, kuma idan aka sa ko cokali ɗaya na siminti an ɓata shi. Mai'unguwa ya shafa gemu.

"Mutanen Lausu suna da al'adar da ke mutuwa?"

"Ba su da ita, ranka ya daɗe. Nasu duk lafiyarsu ƙalau."

"Allah Sarki," in ji Mai'unguwa cikin tausayi. "To a yi gayya."

Aka yi gayyar da tsofaffi suka ce ba su ga irinta ba tun suna samari. Masu kwaɓa ƙasa suna kwaɓawa, masu murza tubali suna murzawa, aka ɗauko azara daga wajen Rurum a motar wani direba da ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, don yana so a rubuta sunansa a tarihi. Munzali ya ce a faɗaɗa ɗakin saboda mai kyamara ta sami wurin ja da baya, aka faɗaɗa. Ya ce a buɗe manyan tagogi saboda hoto yana son haske, aka buɗe.

Da bango ya kai kafaɗa, Malama Ramlatu ta tsaya ta dube shi da kyau. Ta ga inda allo zai tsaya, ta ga inda mata za su jeru. Ta je ta durƙusa gaban Mai'unguwa, ta roƙi a bar wa ajinta ɗakin bayan baƙuwa ta tafi.

"Malama, kin cika gaggawa," ya ce. "Makarantarki Abuja za ta gina miki, da bulo. Wannan kuwa na riga na yi masa niyya. Babur ɗina ya gaji da yini a rana, ga buhunan gyaɗa."

Ta koma gida da sanin cewa abin da ya rage mata shi ne tallafin, tallafin kuwa yana rataye ne a kan maganar da ba gaskiya ba.

Ita kuwa Iya Talatu ta rungumi sabon matsayinta hannu biyu. Ta daina faskare a idon mutane. Da ta ji sallama sai ta miƙe a kan tabarma ta lulluɓa, ta amsa da murya can ƙasa. Aka shiga kawo mata madara da hanta, domin kowa yana tsoron kada ta rasu kafin baƙuwa ta iso, kuma kowa yana tsoron kada ta yi ƙiba kafin baƙuwa ta iso, har aka rasa yawan abin da ya kamata a ba ta. Gwaggo Saudat, taubashiyarta, wadda suke zolayar juna tun suna tallan gyaɗa, takan leƙo kullum ta ce, "Talatu, har yanzu ba ki mutu ba? Gari fa ke yake jira."

Wannan leƙen ne ya tayar wa Munzali hankali. Ya tuna cewa mace mai amshi, in ta ji an ba da waƙa, bakinta ba ya neman izininta. Idan Gwaggo Saudat da 'yan'uwanta tsofaffi suka amsa a gaban baƙuwa, maganar mace ɗaya tak ta rushe. Ya sake komawa wurin Mai'unguwa. Washegari da hantsi mai shela ya zaga gari.

"Jama'a, Mai'unguwa yana gaishe ku! Bayan gaisuwa, ya ce daga yau kowace mace ta manta da waƙar daɓe, in ban da Talatu! Wadda ta riga ta manta, ta ci gaba da mantawa! Wadda ba ta taɓa sani ba, kada ta tambaya!"

Matan Unguwar Kawu masu biyayya ne, kuma biyayyar ce ta jawo abin da ya biyo baya. Kafin azahar kowace amarya ta durƙusa gaban surukarta tana cewa, "Inna, wace waƙa ce aka ce mu manta? Ina tsoron in yi ta ban sani ba." Surukai suka ga magana ce ta hankali, suka rera musu a hankali don su san abin da za su guje wa. Masu taka-tsantsan suka nemi a maimaita har suka haddace, don kada su kuskure ko baiti ɗaya daga cikin abin da aka hana. A bakin rijiya mace takan gargaɗi 'yar'uwarta, "Ke dai ko da wasa kada ki ce, kwanta ƙasa, kwanta lafiya," ɗayar kuma ta gyara mata karin, don gargaɗin ya inganta. Wasu suka tono madaɓan kakanninsu daga bayan rumbu, wai don su ɓoye su da kyau. Masassaƙin garin ya sassaƙa wa waɗanda ba su gada ba, su ma su sami abin ɓoyewa.

Wata la'asar Malama Ramlatu ta ce wa ɗalibanta kowace ta rubuta jimla ɗaya daga kanta, duk wadda ta zo mata. Da ta zaga tana dubawa, sai ta ga yawancinsu amshin suka rubuta, da baƙaƙe manya masu karkata. Akwai wadda wannan ce jimlar farko da ta taɓa rubutawa ba tare da an kama hannunta ba. Malama ta daɗe a tsaye a kanta, sannan ta gyara mata wasali ɗaya ta wuce.

Da Munzali ya zo, ta gaya masa a fili cewa in baƙuwar ta tambaye ta, gaskiya za ta faɗa.

"To kada ki bari ta tambaye ki," ya ce. "Ke dai ki riƙa kawo ruwa. Mai kawo ruwa ba a tambayarta."

Ana gobe baƙuwa za ta zo, Iya Talatu ta aika a kira shi, ta ce daɓe ba a yi wa iska, sai an ambaci mai ɗaki a cikin waƙa, to ɗakin wa za ta ce? Munzali yana fama da shirin tarba, ya ce ta ambaci duk wanda ta ga dama.

Baƙuwar ta iso da hantsi, rana ta bazara tana dukan duwatsun Rano, hadari yana haɗuwa can gabas yana watsewa. Sunanta Dakta Mu'minat, mace mai natsuwa da Hausa a bakinta tsaf, tare da wata mai riƙe mata kyamara. Aka kai ta sabon ɗakin. An shimfiɗa jar ƙasa, an ajiye tukunyar makuba a kusurwa. Mai'unguwa ya zauna a kujera a bakin ƙofa cikin babbar riga. Matan gari kaf suna bayan bango, an ce su tsaya can su yi jimami. An raba musu goro don bakinsu ya sami abin yi.

Aka shigo da Iya Talatu a rirriƙe, tana nishi. Amma da aka miƙa mata madaɓi sai ta manta da nishin. Ta ture masu riƙe da ita, ta durƙusa a tsakiyar ɗakin, ta yi bismillah, ta ɗaga hannu ta sauke. Muryarta ta fita garau.

"Ƙasa ki kwanta, baƙo na tafe!"

Ta ɗaga madaɓin ta tsaya, tana jiran abin da ke biyo baya tun da aka fara daɓe a duniya. Babu abin da ya biyo. Daga bayan bango sai ƙarar tauna goro, da wani irin gurnani na mutanen da suka cusa gefen mayafi a baki.

Ta sake bugawa.

"Ƙasa ki kwanta, baƙo na tafe!"

Shiru. A lokacin amshi ne mai ba da waƙa take shan iska ta nemo baiti na gaba, kuma ba tare da shi ba Iya Talatu ta kasa wuce layin farko. Ta maimaita shi har muryarta ta fara rawa. Ita kaɗai a tsakiyar ƙaton ɗaki, da madaɓi ɗaya a kan ƙasar da ta fi ƙarfin hannu ɗaya, yanzu kam ta yi kama da abin da aka rubuta a kanta. Munzali ya sunkuya ya raɗa wa Mai'unguwa cewa abin yana tafiya daidai.

Dakta Mu'minat ta share ƙwalla. Ta juya, ta ga mace tsaye kusa da ita da kofin ruwa.

"Ke ce Malama Ramlatu, shugabar ajin? Malama, da gaske duk garin nan babu wadda ta rage da za ta amsa mata?"

Munzali ya yi tari mai ƙarfi. Malama Ramlatu ta dubi kofin da ke hannunta. Ta tuna buhunan takin Alhaji Shitu da aka fara jibgewa a ƙofar zaure, ta tuna jimlar nan mai karkatattun baƙaƙe. Kalma ɗaya za ta faɗa a gina mata ɗakin bulo. Ta ajiye kofin a ƙasa a hankali.

"Akwai, Dakta. Lokacin da aka rubuta muku, tsofaffi kaɗan ne suka iya. Yanzu gari duka ya iya. Suna bayan bangon nan, an hana su ne."

Iya Talatu ta ɗago kai. Aka zaci za ta yi fushi an tsige ta daga matsayin ta ƙarshe a duniya, kuma ga alama ta auna hakan. Sai ta juya wajen taga.

"To ku shigo mana, marasa tausayi! Numfashina zai ɗauke!"

Ta buga madaɓi ta ba da layin, amshin ya faɗo ta tagogi kamar an ɓalle madatsar ruwa.

"Kwanta ƙasa, kwanta lafiya!"

Mata suka kwararo ta ƙofa har Mai'unguwa ya janye kujerarsa da sauri. Kowace ta zaro madaɓi daga ƙarƙashin mayafi, domin kowace ta ga babu inda ya fi jikinta amincin ɓoyewa. Suka jeru a durƙushe bango zuwa bango, tsofaffi da amare, hannaye suna tashi tare suna sauka tare, har azara tana amsawa. Iya Talatu ta hango taubashiyarta a layin gaba, ta ba da baiti.

"Saudat ta daɓe ɗaki, kaza ta tone da ƙafa ɗaya!"

"Kwanta ƙasa, kwanta lafiya!"

Gwaggo Saudat, wadda aka ce amshi kaɗai ta iya, ta ƙwace waƙar.

"Talatu mai ciwon ƙarya, jiya ta shanye ƙwaryar fura!"

"Kwanta ƙasa, kwanta lafiya!"

Aka yi ta yi, ana yayyafa makuba ana bugu, ƙasa tana yin duhu tana sheƙi. Da aka zo wurin ambaton mai ɗaki, Iya Talatu ta dubi Mai'unguwa, ta dubi Munzali, ta ga babu wanda ya cancanci baiti a cikinsu.

"Ɗakin wa muke daɓewa? Na Ramlatu mai allo da alli, matan gari su sha karatu!"

Amshin da ya biyo wannan ya fi na baya duka ƙarfi.

Sai da rana ta karkata aka tashi. Dakta Mu'minat ta ce tun da take wannan aiki ba ta taɓa ganin abin da ya faranta mata rai haka ba, kuma saboda haka tana baƙin cikin sanar da su cewa ba za su sami tallafin ba. Ƙa'idar gidauniya a bayyane take, kuma ita ba ta taɓa cin karo da al'adar da ta kai wannan ƙoshin lafiya ba.

"Dakta, kwanan nan fa suka koya!" in ji Munzali. "Kafin mu nemi tallafinku babu mai yi. Wannan nasarar shirinku ce!"

"Haka ne, Malam Munzali. Shirin ya yi nasara. Ka ga kuwa ba ya bukatar tallafi."

"To a sake shela su manta," in ji Mai'unguwa. "Wannan karon da gaske."

"Ranka ya daɗe," in ji Dakta, "ina jin in aka sake shela, har Kibiya za ta koya."

Ta nemi mai kyamara ta juyo wajensa. Ta ce akwai abin da take so ya shiga rahotonta. Ta zaga garuruwa da dama, ko'ina jira ake a zo a gina, amma yau ta ji da kunnenta a cikin waƙa cewa Mai'unguwa ya tara mazan garinsa sun gina wa matansu ajin karatu da hannunsu, babu taimakon kowa. Ta roƙi ya faɗa wa duniya abin da ya ba shi wannan tunani.

Mai'unguwa Mato ya buɗe baki. Ya dubi ɗakin, inda a ransa ya riga ya zaɓa wa babur kusurwa. Ya dubi idon kyamara, ya dubi matan gari da ke tsaye kowace da itace mai nauyi a hannu. Ya gyara babbar riga.

"To," ya ce, "ni dama tun asali mutum ne mai son ilimin mata." Sannan ya ƙara da cewa, "Wannan hoton, mutanen Lausu za su iya ganinsa?"

Dakta ta tabbatar masa za su iya. Malama Ramlatu ba ta ɓata lokaci ba. Ta yi hamdala a zuciyarta, kuma tun kafin motar baƙuwa ta ɓace ta aiki mata biyu su ɗauko allo daga zauren Alhaji Shitu. Iya Talatu ta hana a shiga da shi har sai daɓe ya bushe, don haka allon ya kwana jingine a bakin ƙofa, inda duk mai wucewa zai gan shi.

Ranar da ruwan farko ya sauka, ajin yana ciki. Indararo yana zuba a waje, mata suna bin Malama da karatu, Iya Talatu kuma tana zaune a bakin ƙofa tana tsare daɓenta daga masu takalmi. Har yanzu takan gaya wa duk baƙon da ya zo cewa ita ce ta ƙarshe a duniya, Gwaggo Saudat kuma takan amsa daga cikin aji cewa a wajen karatu kam gaskiya ne.

Cikin ruwan nan Munzali ya shigo a jiƙe, ya tuɓe takalmi bisa umarni, ya tsaya daga gefe har aka kai aya.

"Matar Yaya, na samo wata gidauniyar. Wannan ta tsofaffin sana'o'i ce. Amma na yi alkawari, wannan karon abin da kika faɗa shi zan rubuta."

Malama Ramlatu ta dubi randar da ɗalibai suke cikawa daga rijiyar da ke can ƙarshen gari. Ta juya ga tsohuwar da ke bakin ƙofa.

"Iya, a cikin sana'o'in da, wacce ce ba ta yiwuwa sam sai an haƙa sabuwar rijiya a kusa?"

Iya Talatu ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce a ba ta zuwa gobe, tana jin akwai wata da ita kaɗai ta rage da saninta.